Kwandala a Kan Allura

Na yi sata ranar Litinin, na yi ƙarya ranar Talata. Yau ce Talatar, da yamma, ina zaune a bakin gado da suwaita biyu a jikina, wayata tana gefe a kife. Wadda na yi wa satar uwata ce. Wanda na yi wa ƙaryar kuma shi ne mutumin da zobensa ya yi mako uku a aljihun rigata, ban sa ba, ban mayar ba. Ku da kuke ta rubuto min cewa in daina ja wa bawan Allah rai, ku gyara zama ku ji, sannan ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Morven Tulloch, shekarata ashirin da takwas, gidanmu yana kan tudu a Port Chalmers, kusa da birnin Dunedin, yana kallon tashar jiragen ruwa. Babana Murdo ya rasu a watan Mayu. In kun tambayi maƙwabta za su ce mai fentin jirgi ne, kuma gaskiyarsu, da fenti ya ciyar da mu. Amma akwai mutum kamar ɗari huɗu a duniya, a Osaka da Glasgow da garuruwan da bai taɓa takawa ba, waɗanda in an ambaci sunansa sai su yi shiru.

Ya fara da kiɗan rok a mashayun Dunedin kamar sauran samarin zamaninsa, su huɗu, waƙa da amshi. Sai ya shiga zare abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya zare amshin, ya zare waƙar, ya zare sauran ukun. Abin da ya rage shi ne shi kaɗai, jita a kwance a cinyarsa, sukudireba a soke ƙarƙashin tsirkiya, lasifika tana gurnani kamar jirgin dakon katako yana juyawa a tasha. Faifai arba'in da ɗaya ya fitar cikin shekara talatin da biyar, kowanne kwafi ashirin, ana yanka su ɗaiɗai da injin yanka faifai a gareji. Kwalin kowane kwafi da hannunsa yake zanawa, da ragowar fentin jirgi, babu biyu masu kama da juna. Sau biyu aka rataye kwalayen a gidan nunin zane, sau biyun bai je ba.

Kuma tef ɗaya gare shi. Ɗaya tak. Da zarar an yanka faifai, sai ya ɗauki sabon kiɗa a kan tsohon.

Ni kuwa aikina a duniya shi ne hana sauti mutuwa. Shi na karanta a Wellington, shi nake yi yanzu a wani gidan adana tarihi a cikin gari. Kuma zan faɗa ko da za a ji haushina: garin nan yana da cuta. Kowa yana alfahari da kiɗanmu, kowa ya bar kaset-kaset ɗinsa a kwalin ayaba a ƙarƙashin gida, danshi yana ci. Ka yi magana a ce maka, "Ai daɗinsa ke nan, ya zo ya wuce." Lalaci ne suka sa masa riga suna kiransa hikima. Shekara huɗu da suka wuce na shiga ɗakin katakon Baba da ke ƙarshen lambu, na roƙe shi ya bar ni in kwafe tef ɗin. A gabana ya danna maɓalli ya ɗauki sabo a kai. Na rantse ba zan sake taka ɗakin ba, ban kuwa sake ba.

Sai Niko. Falaniko sunansa, mai gyaran lantarki ne a tasha, shi ya gaji injin yanka faifai da tsohon mai garejin ya gaji da aikin, shi ya yanka wa Baba shida na ƙarshe. Shekara biyu muna tare, rabi a waya rabi a mota. Makon da na dawo gida gaba ɗaya ya ba ni zobe, a makon kuma ya gaya min akwai faifai na arba'in da biyu. Kwafi ɗaya ne, a kan faifai mai taushi irin na gwaji, wanda kowane juyi yake cinsa. Yana wurin Mama. Kuma Baba ya sa shi ya ɗora hannu a kan injin ya yi alkawari ba za a kwafe shi ba.

Na ce, "Kai ka yi alkawari, ba ni ba."

Ya ce, "Ni na gaya miki yana nan. In kika kwafe, da bakina aka karya."

Na tambayi Mama, ta ce yana nan a ajiye lafiya, in bari a huce. Zoben ya shiga aljihu.

Tun daren farko da na kwana a gida, kowace safiya ƙarfe bakwai saura kwata sai in ji shi. Ba a kunne yake farawa ba, a haƙori. Wani gurnani ne can ƙasa, siriri, kamar daga cikin katakon gadon yake fitowa. Na san wannan sautin kamar yadda na san tarin Baba. Sai in kwanta a sandare ina kallon silin, numfashina yana fita fari saboda sanyi, ina ce wa kaina ni mai ilimi ce, injin wani jirgi ne. Minti goma sha ɗaya yake yi ya ɗauke. Kullum goma sha ɗaya. Wane jirgi ne yake duba agogo?

Ranar Lahadi aka yi cin abincin rana na gida. Gwaggo Glenys, yayar Baba, ta zo cikin suwaita ruwan hoda da ƙaton ƙarfen ado a ƙirji, gashinta sabon gyara. Niko ya zo da riga mai gida-gida a goge, da tukunyar gwaza da madarar kwakwa daga mamarsa. Mama ta gasa cinyar rago da dankali da kabewa.

Gwaggo ta ce, "Ke, nuna min hannunki."

"Gwaggo, nama nake yankawa."

"Ɗayan nake nufi." Ta kamo shi ta juya. "Har yanzu tsirara. Niko, ko zoben ya yi mata kaɗan ne a kai a buɗe?"

Niko ya ce, "Ina jin ba zoben ba ne ya yi kaɗan, Gwaggo, ni ne."

"Kai da sai ka sunkuya kake shiga ƙofar nan? Ka ji min yaro. Morven, mamarsa ta riga ta yi maganar zauren coci, ta ce baƙinta ita kaɗai ɗari biyu. Ni kuma na sayi hula. Hula ba ta jira, yayinta wucewa yake."

"To ki sa ta zuwa kasuwa."

"Noeline, kina jin 'yarki?"

Mama ta ce, "Ku ci abinci kafin romon ya daskare." Ba ta ɗago ba. Tun rasuwar ta rame, ƙasan farcenta kuma kullum da wani shuɗi-shuɗi da na ɗauka sanyi ne.

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Na ce, "Akwai wanda yake jin ƙara da safe? Kamar bakwai saura?"

Cokalin Mama ya tsaya a kan hanya.

Gwaggo ta ce, "Jiragen katako ne. Su da babanki ai ba a taɓa iya bambance su ba, Allah ya jiƙansa. Na taɓa kiran tasha in yi ƙorafi, ashe ƙanina ne."

Muka yi dariya, ban da Niko. Shi ya tsura wa kabewarsa ido kamar an rubuta masa wani abu a kai. Da na raka shi mota na ce, "Ka san wani abu."

Ya ce, "Na san sanyi ake, ki koma ciki."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ki bi kunnenki, Mo. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

Litinin da safe ina jin ya fara, na zura takalman roba, na yafa bargo a kan rigar barci, na fita. Hazon teku ya rufe tudun, fitilun tasha sun zama ɗigo-ɗigo ja. Raɓa ta daskare a ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Kowane taku sautin yana ƙara kauri. Akwai haske a tagar ɗakin katako. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya a ƙofar, kuma wani sashe na zuciyata ya tabbata in na tura zan gan shi a kan kujerarsa, jita a cinya, bai ko waiwayo ba.

Na tura.

Rigarsa ce, doguwar nan da fenti ya sandarar har tana iya tsayuwa da kanta. Amma Mama ce a ciki. Tana zaune a kan bokitin fenti a kife, hannuwanta a cinya, idonta a rufe. A gabanta tsohon garmahon Kaka ne, mai murfi kamar akwati, faifai baƙi yana juyawa a kai. Rabin abin da yake fitowa shuu ne kawai, kamar ruwan sama a kan kwano, kiɗan yana can baya kamar mutum yana tafiya cikin hazo.

Sai na ga hannun allurar. An ɗaure masa tsohuwar kwandalar senti hamsin, babbar nan mai nauyi, da salatif. A bakin allurar wani baƙin zare yana nannaɗuwa, siriri kamar gashi. Jikin faifan ne take karcewa.

Na ce, "Mama." Na matso kusa. "Mama, me kike yi haka?"

Ta ɗaga allurar a hankali, ta buɗe ido. "Kin zo."

"Kwandala? A kan faifai mai taushi? Wa ya sa wannan?"

"Ni. Tsalle yake yi, shi ya sa. Haka muke yi tun muna 'yan mata."

"Kin san abin da kike yi masa? Huɗa kike yi, kamar gona. Sau nawa kika juya shi?"

"Hamsin da bakwai da na yau."

Na faɗi maganganu, jama'a, ba zan maimaita duka ba. Na ce ita da Niko da garin nan kaf jirgi ɗaya ya kwaso su. Na ce abu ɗaya da ya rage na mutumin a duniya ta zauna tana kashe shi da kwandala. Na ce ita da ba ta taɓa son kiɗan ba, me ya kawo ta?

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina rufe taga saboda ƙarar nan. Har auduga na sa a kunne ina cikinki. Yanzu na buɗe tagogin duka, babu komai. Kin san yadda gidan nan yake in babu komai?"

Ta miƙa hannu ta ɗauko kwalin faifan daga kan tebur, da ƙaramin burushi. A kan kanta gwangwanaye ne jere, kowanne da lamba da rubutun Baba.

"Wannan bai zana shi ba, hannunsa ya riga ya fara rawa. Fari ya bar min shi, ya tsaga shi gida sittin da fensir, kowane gida da lambarsa. Ya ce duk ranar da na saurara in cika ɗaya. In kwalin ya cika, faifan ya ƙare. Ya ce ba ɓacewa kiɗan yake ba, ƙaura yake."

Ta tsoma burushi a shuɗi ta cika wani ɗan lungu. Sannan ta juyo min da shi.

Yarinya ce, 'yar shekara shida haka, da rigar ruwa rawaya da nake da ita. Yatsunta biyu a toshe cikin kunnuwa. Gida uku ne suka rage fari: baki, da idanu biyu. Fuskata ce take kallona babu ido.

Mama ta ce, "Sai wajen na arba'in na gane ke ce."

Ta ajiye kwalin, ta ci gaba.

"Akwai magana a ƙarshensa. Da ana ji sarai. Yanzu sai an kasa kunne."

"Maganar me?"

"Ba da ni yake ba."

Na fahimta, amma sai da na tambaya. "Da wa?"

"Ke ma kin sani."

"Wata biyu? Kina ji yana min magana, yana gogewa, ba ki kira ni ba?"

"Ya hana. Ya ce in aka kira ki, da injinanki za ki zo. In kuma kunnenki ya kawo ki, da ƙafarki za ki zo. Mako uku ina buɗe tagar nan saitin ɗakinki, Morven. Na ɗauka ba za ki taso ba."

"To ki gaya min abin da ya ce."

"Bakinsa ya kamata ya faɗa. Gobe ki zo ki zauna. Sau ɗaya a rana ne, na yau ya wuce."

Ku gaya min, ku da kuka iya nasiha. Ba ni da muryar Baba ko ta daƙiƙa ɗaya. Bai taɓa barin saƙon murya ba, bai yarda a ɗauke shi a waya ba, bai taɓa yin waƙa a faifai ko ɗaya ba. A wurin aikina akwai allura mai sauƙi kamar gashin tsuntsu, akwai kwamfutar da take iya tsamo magana daga cikin shuu. In na zauna gobe a gaban garmahon Kaka, wataƙila in ji, wataƙila kar in ji, kuma kwandala ta ƙara cin rabonta. Mutumin da ya mutu yana da ikon ya hana 'yarsa ajiye muryarsa? Har yanzu ban yarda yana da shi ba.

Da rana Mama ta tafi kai wa Gwaggo kwanonta. Na shiga na zare faifan, na sa shi tsakanin kwali biyu masu tsabta, na bar mata hoton a jingine a inda yake.

Yau da sassafe na fice kafin ta tashi, na hau bas ta farko. Muna bin bakin ruwa, jakar a rungume a ƙirjina, sai bakwai saura kwata ta cika. Haƙorana suka jira sautin. Waya ta yi motsi. Mama ce: "Ina zaune." Shi ke nan. Ba tambaya, ba faɗa.

Na Niko ya biyo: "Mo, yana wurinki?"

"Eh."

"Kin yi?"

"Tukuna."

Ya fara rubutu, ya tsaya, ya fara, ya tsaya. Bai aiko komai ba.

Ɗakin aikina ba shi da taga, bangonsa an lulluɓe da soso, in ka rufe ƙofa har bugun zuciyarka kana ji. Na sa safar hannu. Na share faifan da burushi mai laushi. Na ɗora shi, na saita allurar a nauyin da littafi ya ce, na saukar.

Ta zame. Daga baki har tsakiya, fiii, kamar takalmi a kan ƙanƙara.

Na sake. Na canja allura, na sa mai kauri, na ƙara nauyi iyakar abin da hannun zai ɗauka. Ta yi juyi biyu ta yi tsalle. Na duba layukan da gilashin ƙara girma: kwandalar Mama ta buɗe su, ta shafe gefensu, ta yi musu hanya daidai bakin allurar Kaka. Awa uku ina fama. Duk karatuna, duk kayan ɗakin nan, faifan ya ƙi ya buɗe musu baki.

Sha ɗaya da rabi aka ƙwanƙwasa. Niko ne cikin kayan aiki masu ruwan lemo, garmahon Kaka a rungume kamar jariri, kwandalar tana nan a ɗaure.

Ya ce, "Mamarki ta aiko ni. Ta ce ba ya magana a kan wani sai wannan."

"Ta san abin da na zo yi?"

"Ita fa ta haife ki."

Ya ajiye shi a kan tebur, ya jona. Sai ya kalli makirufon da ke tsaye a gefe, wanda muke ɗaukar hirar tsofaffi da shi, ya kalli allon kwamfuta, inda jan layi yake tafiya tun safe.

"Ki kashe wannan, in zauna mu ji tare. Ko ki bar shi, in jira ki a waje. Ba zan hana ki ba. Amma ba zan iya zama ba."

"Niko, sau uku ya rage."

"Na sani. Ni na yanka shi. Yana zaune a garejina da bargo a kafaɗa, sau huɗu yana tsayawa ya huta. Ya ce min, yaro, kowa yana bar wa 'ya'yansa kaya, ni ina so in bar mata safiya ɗaya."

"Wannan maganar masu lalaci ce."

"Wataƙila. Amma na ɗora hannu."

Na dube shi. Akwai baƙin mai a kuncinsa, idonsa ya yi ja. Ina sonsa, kar ku yi shakka. Na miƙa hannu na danna maɓallin da ke ƙasan allon. Allon ya yi baƙi.

"Na kashe."

Allon kawai na kashe. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur tana aikinta, makirufon yana saurare. Niko mai lantarki ne, da ya so da ya leƙa. Bai leƙa ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya kama hannuna da safar da komai. Ni na saukar da allurar, da kwandalarta.

Shuu ya cika ɗakin. Daga can ciki gurnanin ya taso, ya hau ƙafafun kujera, ya shiga haƙorana. A karo na farko a rayuwata ban toshe kunne ba, ban kuma duba agogo ko mita ba. Akwai kukan tsuntsun teku a ciki, da ƙarar sarƙar tasha, da wani siririn sauti a sama da yake karkarwa, na gane hannunsa ne yake rawa a kan tsirkiya, ya bar rawar ta zama kiɗan. Baƙin zaren yana nannaɗuwa a bakin allura ina kallo.

Kiɗan ya ɗauke. Aka yi tari. Tarinsa.

"Morven."

Niko ya matse hannuna.

"To, kin shigo." Muryar tana zuwa tana tafiya kamar rediyo mai nisa. "Na san ki. Injinki yana kunne. Ba na fushi. Tashi ki kashe, ina jira."

Sai shuu. Ya bar min wuri, jama'a. Mutum yana dab da mutuwa ya zauna a gareji ya yi shiru a gaban makirufo, yana jiran 'yarsa ta tashi daga kujera a wata ranar da ba zai gani ba. Faifan yana juyawa. Niko ya yi ɗan murmushi yana hawaye, ya ce a hankali, "Wannan karon bai canka ba."

Da na zauna shiru, da har abada Niko bai sani ba. Da kwamfuta ta ɗauki komai, da yanzu ina tsamo kalmomin ɗaya-ɗaya. Ban yanke shawara ba, ban auna komai ba. Baba ya ce in tashi, jikina ya tashi. Na zare hannuna daga na Niko, na sunkuya, na fizge wayar makirufon daga ƙarƙashin tebur.

Ban kalli fuskarsa ba. Na ji kujerarsa ta yi ƙara.

Muryar ta dawo, amma wurin ya fi ko'ina cinyewa. Na durƙusa na manna kunnena a lasifikar. "Ranar da kika toshe kunne," ya ce, sai shuu, sai wani abu kamar "daidai", ko "dariya", ban tabbata ba, sai shuu mai tsawo, sai "ba sai kin", sai allurar ta faɗa layin ƙarshe tana ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ba sai na me ba? Injin da na kashe ne kaɗai zai iya gaya min.

Niko ya ɗaga allurar. Ya zare faifan da gefen tafin hannunsa yadda ya kamata, ya sa a kwali, ya rufe garmahon, ya naɗe wayarsa a tsanake. Na ce, "Niko." Ya ce, "Zan mayar wa Mama." A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya tura ta da kafaɗa ya fita.

Da na kunna allon, abin yana nan. Minti goma na kiɗa cikin shuu, da tari, da sunana, da muryar Baba, ita kaɗai a duk duniya, tana ce min in kashe. Na kwafe shi a ɗan abin ajiya na kwamfuta, yana cikin aljihu ɗaya da zoben.

Da na dawo gida na tarar da Mama a kicin. Ta ajiye min miyar kabewa a kan murhu, ta jingine kwalin a kan teburin kicin inda ba zan iya kauce masa ba. An saurara yau, don haka ta cika gida ɗaya. Yarinyar ta samu baki, ja, a ɗan buɗe. Saura idanu. Gobe ɗaya, jibi ɗaya.

Ƙarfe biyar da minti goma saƙon Niko ya shigo, shi ne dalilin da wayar take a kife. Layi ɗaya ne.

"Abin da ya shiga kafin ki cire wayar, kin goge?"

Na rubuta "Eh". Tana nan a rubuce, ban aika ba. Mama tana ƙasa tana wanke burushi, ina jin ruwan yana zuba.